Batirin Jirgin Hajiya Aisa

A shekarar da aka tarwatsa turakun wutar lantarki, Maiduguri ta zauna babu wuta wata da watanni, akwai waɗansu mutane da wani ƙaramin jirgin sama ya haɗa, kowannensu da abin da ya rasa.

Hajiya Aisa ita ce mai jirgin. Marigayi mijinta ne ya bar mata shi, tare da cinikin wake da busasshen kifi da gida a GRA. Abin da ta rasa hanya ce, domin titin Damaturu ya zama abin tsoro, sai jirgin nan mai kujera huɗu ya zame mata ƙafa zuwa Kano da Yola. Kyaftin Gerald ke tuƙa shi. A Maiduguri aka haife shi, Hausa da Kanuri duk suna bakinsa, amma haƙuri bai ishe shi ba. Imran ƙanen Hajiya ne, ita ta raine shi tun yana goye. Yana da mota, yana da sutura, aikin yi ne ba shi da shi, shi ya sa kullum yana rumfar jirgi yana ba da shawarar da ba a nema ba. Abdulnasir ke gadin ƙofa, kuma yana cikin 'yan sintirin unguwa. Na ƙarshe shi ne Manasse, mai wanke jirgin da share rumfar. Daga duwatsun Gwoza ya gudo. Ya rasa gona, ya rasa mata, ya rasa wanda zai tsaya masa a garin. Abin da ya rage masa 'yarsa Salomi ce, wadda ba ta gama firamare ba.

A kangon da Manasse ke zaune a Bolori akwai wani tsoho, Baba Ba'ana. A da, in aka sace shanu tsakanin Khaddamari da bakin tafki, shi ake kira ya bi sawu. Yanzu dajin ya fi ƙarfin kowa. Tsohon ya koma tufka igiya a gindin darbejiya, yana kallon sawun awaki don kada ido ya manta.

Batirin jirgin ya mutu da farkon bazara, kuma zaɓen sabo ya jawo rigima. Imran ya ce a shiga kasuwa a sayo na mota, ai ƙarfinsu ɗaya. Kyaftin ya ce sam. Na jirgi a rufe yake ruf, ba ya zubar da ruwa in jirgi ya karkata, kuma bai kai na mota nauyi ba. Na mota kuwa, da an hau sama jirgi ya jirkice, ruwansa zai zubo ya cinye wayoyi.

"Kai dai faɗi kake so," in ji Imran. "Batir batir ne."

"Motarka in ta mutu sai ka faka a gefen titi ka kira bakanike," in ji Kyaftin. "Ni a ina zan faka? Kan gajimare?"

Kowa ya yi dariya, har da Hajiya. Imran bai yi ba. Aka yi odar na gaskiya daga Legas, aka daɗe ana jira, ya iso, Kyaftin ya ɗaura shi da hannunsa.

* * *

Ranar da za a tashi zuwa Yola, Kyaftin ya buɗe murfin inji da sassafe kamar yadda ya saba, sai ya ga tsohon batirin mota an cusa shi da ƙarfi a gurbin sabon, an ɗaure da robar tayar keke. Ihun da ya yi har masu shayi na bakin titi sun ji.

A shekarun nan ɓatan batir ba ƙaramar magana ba ce. Kowa ya san 'yan daji na haɗa bam da shi. Kafin hantsi mutane sun cika bakin ƙofa, kuma tun ba a tambayi kowa ba an riga an sami suna. Wa ya bar rumfar a ƙarshe jiya? Manasse. Daga ina ya zo? Daga Gwoza. Wa ya san danginsa? Babu.

Baba Ba'ana na cikin tufka sai ga Salomi a guje, kwanon abincin babanta a hannu, miya ta zube mata a zane.

"Kaka, sun ɗaure Baba! Sun ce ya kai wa 'yan daji batir. Bayan La'asar motar sintiri za ta zo a miƙa shi ga sojoji."

Tsohon ya san abin da ake nufi da miƙawa. Mutanen kangon nan sun ga waɗanda aka miƙa, kuma har yau suna jiran wasunsu. Ya ajiye igiyar, ya ɗauki sandarsa.

"Ƙasa ce a rumfar ko siminti?"

"Ƙasa. Jiya da yamma Baba ya wanke jirgin, duk ta jiƙe."

"To, share hawayenki. Tsayar mana da keke mai ƙafa uku."

* * *

Sun tarar da Manasse zaune a rana, hannuwa a baya, leɓe a fashe. Imran na tsaye a kansa cikin farar shadda, muryarsa ta fi ta kowa.

"Mun ba ka aiki, mun ba ka abinci, ka saka mana da wannan? Munafuki!"

"Ban ɗauka ba," in ji Manasse. Daga jin muryarsa ya faɗa har ya gaji.

Hajiya Aisa ta gane tsohon, domin ya taɓa dawo wa mijinta da garke guda daga wajen Dikwa. Ta gaishe shi da Kanuri, ta ce, "Wushe, Baba. Wa ya taso ka?"

"Maƙwabcina ne a ɗaure. A bar ni in duba ƙasa."

"Duba me?" in ji Imran. "Ya Aisa, wannan zamanin bin sawu ne? Jirgi ne fa, ba saniya ba."

"Jirgin ne ya sace kansa?" in ji Ba'ana. "In da ƙafa aka zo, da sauran magana."

Abu ɗaya ya taimaka. Tsabar fushi ta sa Kyaftin ya tare bakin rumfar tun safe, ya rantse duk wanda ya shiga sai ya karya masa ƙafa. Don haka ƙasar tana nan yadda aka bar ta, ta bushe da rubutunta a kai.

Ba'ana ya cire takalmi, ya bi gefen bango a hankali. Ya ga sawun Kyaftin na yau da safe, mai zurfin dunduniya irin na mai sauri. Ya ga na wani dogon takalmin roba ko'ina, ya kewaye jirgin, ya je wajen duro, ya dawo. A cikinsu akwai layi biyu da suka hau kan sauran, alamar su ne na ƙarshe. Ya tsuguna, ya sa ɗan yatsa a ɗaya, ya sa a ɗayan.

Daɗin aikin da ya daɗe bai yi ba ya kwashe shi, ya yi magana da ƙarfi.

"Ga shi nan. Mai wannan takalmin ya shigo da kaya mai nauyi, ya fita da wanda bai kai shi ba. Na shiga ya fi na fita nutsewa."

"Na mota ya shigo da shi, ya fita da nawa!" in ji Kyaftin.

Abdulnasir ya leƙo, ya nuna gindin duro inda takalmin roba ke jingine. "Ai na Manasse ne. Shi kaɗai ke sa shi."

Bakin ƙofa ya ɗauki hayaniya. Wani ya jefo dutse ya sami Manasse a kafaɗa. Salomi ta kutso ta tsaya gaban tsohon.

"Na kira ka ka cece shi, ka zo ka ƙarasa shi! Da na sani da ban je ba. Mugun tsoho kawai!"

Ba'ana ya san ya cancanci zagin. Wanda ya koya masa bin sawu ya sha gaya masa kada ya buɗe baki sai ya kai ƙarshen layi. Ga shi da furfura ya yi abin da yaro ba zai yi ba. Ya juya wajen Hajiya, fuska a murtuke.

"Na ce takalmi, ban ce mutum ba. A mayar da shi inuwa, a ba shi ruwa. Wanda ya sake jifa, ni da shi ne. Ki ba ni zuwa La'asar."

* * *

Ya fara da Manasse.

"Ina kake barin takalmin nan?"

"A gindin duro, Baba. Na aiki ne, ba na zuwa gida da shi. Na gama wanki, na cire, na sa silifas, na tafi kafin Magariba saboda yarinya."

"Ka iya kwance batir?"

"Ni? Kyaftin ko murfin bai yarda in taɓa ba. Tsumma da bokiti ne nawa."

Sai ya ja Abdulnasir bayan rumfa. Saurayin ya ce yana bakin ƙofa tun Azahar har aka rufe, ko ƙuda bai wuce ba.

"Ko ƙuda?"

"Wallahi, Baba."

"Bar rantsuwa. Sawunka ya fita ta ƙaramar ƙofa ya yi yamma, ya dawo da ɗigon ruwa a gefensa. Me ka ɗauko?"

Abdulnasir ya sunkuyar da kai. Ƙanƙara ce. Tun da wuta ta ɗauke, ƙanƙara ta zama abin layi, kuma matarsa na da tsohon ciki, zafi na damunta. Ya tafi da Magariba, layin ya yi tsawo, bai dawo ba sai da duhu ya fara.

"Ka bar ƙofa, aka yi sata, shi ne ka fi kowa saurin ɗaure wani?"

"Baba, in Hajiya ta ji, aikina ya tafi."

"Shi kuma ransa ne zai tafi. Wanne ya fi?"

Ba'ana ya so ƙwarai ya zama shi ne, don haushinsa ya kai wuya. Amma da ya auna takunsa da sanda, ya ga Abdulnasir dogo ne, takunsa ya zarce na ɓarawon da kusan tafin hannu, kuma ƙafarsa ba za ta shiga takalmin ba. Ya ƙyale shi yana tsaki.

A jikin batirin motar akwai ɗigo uku na jan farce. Kyaftin ya ce alamar Madam Nkolika ce, mai shagon batir da caji a Bolori. Ba'ana ya sa aka ɗora batirin a keke, ya tafi.

Ya tarar da shagon cike da wayoyi da fitilu ana caji, janareto na ruri. Madam Nkolika ta dubi batirin, ta dubi tsohon, ta riƙe ƙugu.

"Baba, in ka zo ka ce kayan sata nake sayarwa, ka koma. Shekarata nawa a garin nan? Bam ya tashi ban gudu ba, sai yau za a ɓata mini suna?"

"Ban ce ba, Madam. Wa kika sayar wa?"

Ta juya shi, ta kankare gefe da farce. "Wannan ai ya tsufa. Na janareton gidan Hajiya Aisa ne. Da suka sa sola suka daina amfani da shi. Na ce su kawo in saya, suka ce yana sito."

"Wa ke shiga siton?"

"Ni ce mai gadinsu? Je ka tambaye su." Ta ɗan sassauta. "Wai Manasse suka kama? Mutumin da ke zuwa cajin 'yar fitilarsa don yarinya ta yi karatu? Kai, mutanen garin nan!"

A hanyar dawowa Ba'ana bai ji daɗi ba. Batirin daga gidan Hajiya ya fito, amma Manasse na zuwa gidan duk Asabar yana share tsakar gida. In ya faɗi wannan, ya ƙara masa wata igiyar. Wannan karon ya kama bakinsa.

* * *

Rana ta karkata. Ya koma rumfar shi kaɗai, ya zauna a kan wata tsohuwar taya yana kallon ƙasa. Akwai abin da ke damunsa tun safe, ya kasa kama shi. A gaban hancin jirgin, inda farfela, wato fankar jirgin, take, akwai fili kamar rabin faifai wanda ƙasarsa ke lumui. Duk sawun da ya zo wajen sai ya lanƙwasa ya kauce. Da safe ya ɗauka ruwa ne ya taru a wurin mutane ke gudun taɓo. Amma layi biyun nan na ƙarshe sun ratsa ta tsakiyarsa, shiga da fita, dab da bakin farfelar.

"Kaka."

Salomi ce a bakin rumfa, da kofin ruwa. Idonta ya kumbura. Ba ta ba shi haƙuri ba, shi ma bai nema ba.

"Kawo," ya ce.

Tsakaninta da shi taku kaɗan ne in ta miƙe. Sai ya ga ta yi dama, ta yi wani babban zagaye, ta bi ta bakin fiffike, sannan ta iso.

"Me ya sa kika zagaya?"

Ta dube shi kamar ya yi tambayar wauta. "Ba a bi ta gaban farfela."

"Ai a kashe take."

"Ko a kashe. Kyaftin ya ce tana iya juyawa da kanta ta sare mutum. Ranar da Baba ya fara aiki ya bi ta wurin, Kyaftin ya zage shi tas a gaban mutane, har Baba ya kasa cin abinci. Tun ranar ko da bokiti biyu ne a hannunsa sai ya zagaya. Ni ma ya ce in ya ga ƙafata a wurin sai ya zane ni."

Ba'ana ya ajiye kofin bai sha ba. Ya tashi ya bi sawun wankin jiya ɗaya bayan ɗaya. Manasse ya wuce gaban jirgin ya fi a ƙirga, da kaya da babu kaya, kuma ko sau ɗaya bai taka filin nan ba.

Ya aika aka kira Kyaftin.

"Gaskiya ne abin nan na iya tashi a kashe?"

"In waya ɗaya ta tsinke a ciki, taɓa ta kaɗan ya isa. A Zariya na ga ta cire wa abokina hannu daga kafaɗa. Shi ya sa nake haukan da nake yi."

"Kowa kake yi wa?"

"Kowa."

"Kowa da kowa?"

Kyaftin ya kau da kai.

* * *

Da aka idar da La'asar motar sintiri ta iso, samari biyu suka sauko da sanduna. Ba'ana ya roƙe su su dakata, ya ce a shigo da mutum biyar cikin rumfa: Hajiya, Kyaftin, Imran, Abdulnasir da Manasse. Ya tsayar da su a gefen dama na jirgin. Ya ɗauki butar alwala ya kai gefen hagu ya ajiye, ya dawo ya share gaban jirgin da tsintsiya, ya bar layi biyun nan na jiya bai taɓa su ba.

"Ina so in ga takun kowa a sabuwar ƙasa. Kowa ya je ya taɓa butar can ya dawo."

"Wasan yara za mu yi?" in ji Imran. "Ya Aisa, ga mota na jira."

"Yi abin da ya ce," in ji Hajiya. "Ni zan fara."

Ta tattare mayafi, ta yi zagaye mai faɗi, ta taɓa buta, ta dawo ta inda ta bi. Kyaftin ya bi bayanta. Abdulnasir ya zagaya har yana goga bango. Aka ɗaga Manasse, hannuwansa a ɗaure, yana ɗingishi. Hanyar da ta fi kusa tana gabansa, jikinsa duk ciwo, amma ya ja ƙafa ya yi zagayen nan cikakke, ya taɓa butar da gwiwa.

Imran ya yi tsaki. Ya ɗage bakin wandonsa don kada ya ɓaci, ya miƙe ɗoɗar, har ya dafa farfelar da hannu ya sunkuya ta ƙarƙashinta. Ya shuri butar da ƙafa, ya dawo ta nan.

"To, an gama?"

Salomi da ke leƙe ta bayan duro ta toshe baki da hannu.

"Kyaftin," in ji Ba'ana, "ban ji ihunka ba."

"Na taɓa yi masa sau ɗaya," in ji Kyaftin. "Ya ce jirgin yayarsa ne, in na sake ɗaga masa murya zai sa a sallame ni. Ina da 'ya'ya a makaranta. Na yi shiru."

Ba'ana ya nuna ƙasa da sanda. "Hajiya, zo ki gani da idonki. Ga sawun mutum huɗu, duk sun kauce. Ke ma kin kauce."

"Ni ma ya taɓa yi mini tsawa," in ji ta a hankali.

"Ga na jiya, cikin takalmin Manasse, ya ratsa ta gaban abin nan, shiga da fita. Ga na yanzu a gefensa." Ya kwantar da sandar tsakanin taku da taku, a na jiya, sannan a na yau. Tsawon ɗaya ne, kuma ƙafar hagu na jan ƙasa kaɗan a duka biyun. "Takalmin ya yi masa yawa, shi ya sa dunduniyar ke zamewa. Batirin kuma na janareton gidanki ne, daga sito."

"Ƙarya ne!" in ji Imran. "Tsohon banza, an biya ka ne!"

"Kawo makullin motarka," in ji Hajiya.

"Ya Aisa, ni za ki tozarta a gaban 'yan aiki?"

"Imran. Makulli."

Abdulnasir ne ya buɗe but ɗin motar. Sabon batirin na ciki, an naɗe shi da darduma.

Daga nan bakin Imran ya buɗe, kuma ba da nadama ba. Ya ce shi ba ɓarawo ba ne, me zai yi da batir? So ya yi jirgin ya je Yola ya dawo da na mota, sannan ya fito da sabon a gaban kowa, a ga wanda ya san abin da yake faɗa. An yi masa dariya a gaban mai shara, shi ba zai manta ba. Takalmin kuwa, ƙasa ce ta jiƙe, ba zai ɓata nasa ba.

"Da ni a ciki za ka gwada?" in ji Hajiya. "Ni da na goya ka?"

"Ai da ba abin da zai faru! Kyaftin ɗin nan ne ya cika bincike."

Kyaftin ya yi kansa, sai da samarin sintiri suka riƙe shi. Ba'ana ya juya wajen Imran, bai ɗaga murya ba.

"Bar maganar jirgi. Tun safe kana tsaye ana dukan mutumin nan. Ka ji an ce za a miƙa shi. Ka san inda ake kai su. Kalma ɗaya ta isa, ka hana. Kai ne ma mai zagin."

"Ai da na sa an sake shi daga baya," in ji Imran.

"Daga baya," in ji Ba'ana. "Je ka kangonmu ka tambayi matan da ke jiran daga baya."

Ɗaya daga cikin samarin ya gyara tsayuwa, ya tambayi Hajiya ko har yanzu akwai wanda za a tafi da shi. Ta daɗe tana kallon ƙanenta, hawaye na zuba, haƙoranta a cije.

"Ku tafi," ta ce. "Maganar gida ce."

"Da safe ba ta gida ba ce," in ji Ba'ana.

Ita ma ta san haka ne.

Abdulnasir ya durƙusa yana kwance igiyar, yana cewa a yafe masa. Hajiya ta matso ta ce za ta kai Manasse asibiti, za ta ƙara masa albashi, gobe ya huta. Manasse ya murza wuyan hannunsa inda igiya ta ci. Ya dubi takalmin robar a gindin duro, ya dubi jirgin da ya wanke jiya har yana ƙyalli.

"Na gode, Hajiya," ya ce. "A nemi wani."

Kyaftin ya bi su har bakin titi. Ya kama hannun Manasse da hannu biyu, ya ce, "Zagin nan da na yi maka ranar farko, ka yi haƙuri."

"A'a, Kyaftin. Wannan kam kada ka janye shi."

Mutanen bakin ƙofa sun watse, kowa na cewa shi dama bai yarda ba. Su uku suka shiga keke zuwa Bolori, tsohon a gefe ɗaya yana ta huci, Manasse a ɗaya gefen ido a rufe, Salomi a tsakiya riƙe da kwanon da ba a ci ba. Can ta ɗora kanta a kafaɗar Ba'ana, shi kuma ya bar ta.

Ba ta gane yadda batir ke aiki ba, ba ta kuma gane dalilin da ya sa motar sintiri ta koma babu kowa ba. Abin da ta gane shi ne babanta ya faɗi gaskiya tun da safe, kuma ba wanda ya yarda da shi sai da ƙasa ta faɗa.